KURA, DILA DA ZANCEN SAYEN BINDIGA

(Wanga jawabi wani dattijo ne daga cikinmu, tsohon maharbi, ya yi shi a taron ƙungiya bayan sallar la'asar, game da shawarar da samari sunka kawo ta a ɗebi kuɗin asusu a sayi bindiga. Sakatare ya rubuta shi kamar yadda anka faɗe shi. Mun buga shi saboda waɗanda ke wajen ci-rani, da waɗanda ba su samu zuwa taro ba.)



Mai gari, liman, dattawa, iyayenmu mata, da ku samari, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode wa shugaban ƙungiya da ya ba ni dama in ce wani abu, ko da yake akwai waɗanda sunka girme ni a wanga wuri.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Tun da kaka ta wuce, wani abu na shiga garkunan bayan gari da dare. An ɗauke 'yan awaki, an yaga tumaki, har wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta wayi gari ba ta da akuya ko guda, alhali da nononsu take shayar da marayu. Samari sun zo da shawara, sun ce a fid da kuɗin asusu a sayi bindiga. Wasu sun ce ta maƙeri ta isa, wasu sun ce sai ta kanti mai baki biyu. Da anka rasa daidaitawa, sai anka ce a tambayi tsoho, tun da ya yi shekaru da bindiga a kafaɗa.

To, ɗiyana, ban raina shawararku ba. Wanda ya ji kukan akuyar uwarshi da tsakar dare bai iya yin komi ba, dole zuciyarshi ta tafasa. Zan gaya muku abin da na sani game da bindigogi da harsasai ba tare da ɓoye komi ba. Amma ku yi mini haƙuri, ba da bindiga zan fara ba. Maharbin kirki ba shi ɗura bindiga sai ya san naman da za shi nema.

MU FARA SANIN ABIN DA KE YI MANA ƁARNA

Kowa na cewa kura ce. Wa ya gan ta da idonshi? Ni dai duk wanda na tambaya, sai shi ce mini ya ji an ce.

Abu huɗu ne ke cin bisashe a ƙasarmu ta Adar, daga nan Galma har tsaunukan Buza da Keita, kuma kowane da irin aikinshi.

Na farko kura. Iri biyu ce. Akwai babba mai ɗigo-ɗigo, wadda ke kuka da dariya, tana iya wuce kilo 60. Akwai kuma sayaki mai zane-zane da gezar baya, wanda bai cika wuce kilo 40 ba, shina yawo shi kaɗai, mafi yawan abincinshi mushe ne. Sawun kura ba shi ɓacewa: ƙafar gaba ta fi ta baya girma sosai, farata kuma sun fito a ƙasa. Kashinta in ya bushe fari ne fat kamar alli, saboda ƙasusuwan da take tauna. In ta kama akuya ba ta barin abin kirki, har ƙashi da fata takan tafi da su.

Na biyu dila. Shi bai fi kilo 15 ba. Ba shi iya kada babbar tunkiya mai lafiya sai da wuya. Abin nemanshi 'yan awaki sabbin haihuwa, da kaji, da zabbi. A maƙogwaro yakan kama.

Na uku karnukan da ba su da ubangida, waɗanda ke haɗa garke da dare. Su kam ba su san yanka ba. Sukan ciji cinya, su ciji ciki, su ciji kunne, su raunata bisa biyar, ba su ci ko guda ba. In kun wayi gari kunka tarar da bisashe da yawa a yayyage amma nama na nan, to kada ku ɗora wa kura laifi.

Na huɗu mai ƙafa biyu. In ba jini, ba gashi a jikin ƙaya, igiya kuma an kwance ta ko an yanke ta da wuƙa, to wanga ba aikin maharbi ba ne, aikin mai gari ne da jandarma.

Na je garkuna uku da anka yi ɓarna na duba ƙasa da sassafe. Biyu sawun karnuka na gani. Guda ne kawai na ga sawun da ya yi kama da na sayaki. Kuma dukansu uku, shingensu yaro ɗan shekara 5 na iya ƙetare shi. Ku riƙe wanga, za mu komo kanshi.

BINDIGAR MAƘERI

Yanzu ga bindigogi. Wadda ta fi arha ita ce ta gargajiya, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda mutane ke ce wa harba-ka-ruga. Sunan nan ba banza anka sa mata shi ba. Harbi guda gare ta. Kafin ka sake ɗura albarushi, ka sa tsumma, ka zuba darma, ka danna, abin da ka harba ko ya tsere ko ya iso gare ka. Da damina albarushi na jan sanyi, ka ja kunama ta ƙi tashi, ko ta yi jinkiri sai ka sauke ta daga kafaɗa sannan ta tashi. Sau da yawa kuma bututun ba na bindiga ba ne tun asali, ƙarfe ne na wani aiki da anka juya, ba wanda ya gwada iyakar ƙarfin da yake ɗauka.

Bari in ba ku labarin abin da na gani. Bayan farin 1984, mushe ya cika daji, kuraye sunka ƙoshi sunka yi yawa, sunka saba da ƙofar gari. Ina da aboki, Allah shi jiƙanshi, tare munka tashi. Ya ce albarushinmu na gida ba shi da ƙarfin da zai kada kura. Sai ya samo kartushi na kanti, ya fasa su, ya juye garin cikin bindigarshi ta maƙeri. Na ce mishi kada ka yi, ya ce tsoro ke gare ni. Garin kartushi na kanti wani iri ne daban, ba shi hayaƙi, kuma ƙarfin da yake bugun ƙarfe da shi ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Da kura ta zo ya ja kunama, bindiga ta tsage a hannunshi. Yatsu uku sunka tafi, da ido guda. A bisa amalanke munka kai shi gidan likita na Madawa, muna tafe jini na zuba. Kura kuwa ko ƙwarzane ba ta samu ba. Mutumin da ke noma abin da iyalinshi za su ci, ya ƙare rayuwarshi ɗiyanshi ke ciyar da shi tun suna ƙanana.

Saboda haka, wadda maƙeri ya yi, ku bar ta ta yi aikin da ta iya, wato ƙara ranar salla da ranar biki. Ita ma da albarushi kaɗan, ba darma.

BINDIGAR KANTI DA IRIN KARTUSHINTA

Ta biyu ita ce bindigar farauta ta kanti, wadda ake karyawa a tsaka a sa mata kartushi. Wadda ta fi yawa a ƙasashenmu ita ce kalibar 12, kamar irin ta Rasha da ake ce wa Baikal. Faɗin bakinta ya kai milimita 18 da 'yan kai. Akwai mai baki guda, akwai mai baki biyu. Ba shakka wagga ta fi ta maƙeri aminci. Amma ita bindiga ba ta kashe komi, abin da ke cikin kartushi shi ke aiki, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure.

Kartushi iri uku ne. Akwai na tsuntsaye, mai ƙananan ƙwayoyin darma kamar tsabar dawa, sun fi 200 cikin kartushi guda. Ana sa musu lamba, kuma ku lura, in lamba ta yi sama ƙwaya ƙanƙancewa take yi. Lamba 6 ta zabuwar daji ce da zomo. In ka harbi kura da ita daga nesa, ba ka kashe ta ba, ka dai cusa mata darma a fata. Naman da ya ji ciwo kuwa ya fi mai lafiya haɗari. Kurar da ta rame da rauni ba ta iya neman abinci a daji, sai ta dawo ga abin da ke ɗaure a turke, ko ga yaron da ke kwance a tsakar gida lokacin zafi.

Akwai na biyu mai manyan ƙwayoyi, wanda Faransawa ke ce wa shebrotin, yawanci ƙwaya 9 cikin kartushi guda, kowace ta kai girman gujiya. Wanga shina kada kura, amma sai kusa, kamar taki 30. In ya wuce haka ƙwayoyin na warwatsewa, guda ta samu, takwas su wuce. Ina za su? Ku dubi garinmu. Bayan kowane garke akwai danga, bayan danga akwai ɗaki, cikin ɗaki akwai mutum. Ƙwayar da ba ta iya kashe kura a taki 100 tana iya kashe jariri a taki 200.

Na uku shi ne mai dunƙulen darma guda, nauyinshi kamar giram 30. Shi ne na manyan namun daji. Shina ratsa zana da ƙyauren kwano kamar takarda, ya yi tafiyar ɗaruruwan mitoci da sauran ƙarfinshi. Wanda bai saba da shi ba, da dare, zuciya na bugawa, ba zai samu abin da ke gudu da shi ba.

Sannan akwai ƙananan abubuwa da ke kashe masu bindiga. Kartushi na da tsawo iri-iri: in ka sa mai milimita 76 a bindigar da anka yi don mai 70, tana iya fashewa. In kartushin kalibar 20 ya shiga ta 12, shina zamewa can ciki ya toshe, ka sa wani a bayanshi ka harba, sai labari. In bakin bindiga ya taɓa ƙasa ya ɗebi laka ko zanzaro ya yi gini a ciki, haka nan ne. Duk wanga sai wanda ya koya. Cikin ku samari da ke nan, wa ya taɓa harba kartushi 50 da rana tsaka a kan alama? To ina dalilin tsammanin za ku samu da dare?

Ni kaina da nike muku wanga bayani, na taɓa haska fitila na ga idanu biyu na ƙyalli a bakin garke, na harba. Da gari ya waye, ɗan maraƙin maƙwabcina ne. Na biya, munka shirya. Abin da ban taɓa mantawa ba shi ne, ɗan mutumin nan shina kwance taki kaɗan daga maraƙin, shina gadin shi. Tun daga ranar ban sake harbi cikin duhu ba.

ABIN DA WASU ƘASASHE SUNKA ƘIDAYA

Za ku ce wanga labarin mutum guda ne, tsoho ne ya tsorata. To akwai inda anka zauna anka ƙidaya wanga al'amari, kuma namansu ya fi namu nesa. A can arewacin Amurka akwai wani yanki mai tsananin sanyi da ake ce wa Alaska. Suna da wani naman daji sunanshi beyar, mai gashi kamar tunkiya da farata kamar lauje. Babban namiji na wuce kilo 400, ya fi ingarman sa nauyi, kuma a guje ba mutumin da zai tsere mishi. Mutanen can suna da bindigogi masu kyau da harsasai irin waɗanda ba mu taɓa gani ba, kuma sun daɗe suna gardama irin tamu ta yau: wace bindiga, wane harsashi.

Wasu masana, cikinsu akwai Tom Smith da Stephen Herrero, sunka tattara labarin karo 269 da anka yi tsakanin masu bindiga da beyar daga 1883 zuwa 2009, sunka fitar da sakamako a 2012. Abin da sunka gano shi ne, in an yi kicibis kusa da kusa, raunin da masu bindiga ke samu daidai yake, ko sun harba ko ba su harba ba. Me ya sa? Wani naman ya iso gare shi kafin shi ɗaga bindiga. Wani bindigar ta cije. Wani ya manta bai buɗe makullinta ba. Wani ya harba ya kuskure. Kafin nan, a 2008, su dai masanan nan sun duba waɗanda ke ɗauke da wani gwangwani mai fesa ruwan tonka a fuskar naman, sunka tarar 98 cikin 100 sun fita ba rauni.

Ban ce ku tari kura da garin tonka ba. Abin da nike so ku ɗauka shi ne, ko a wurin masu kuɗi da manyan makamai, girman bindiga bai zama tsaro ba. Abin da ke hana nama isowa gare ka ya fi abin da za ka kashe shi da shi bayan ya iso.

Kakanninmu ma sun san haka. Wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, Jean Rouch, wanda ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya yi shekaru shina bin maharban zaki na yammacin ƙasarmu, wajen iyakarmu da Mali da Burkina Faso, ya fitar da silimarsu a 1965. Da baka da kibiya mai dafi suke kashe zaki, bayan sun kama shi a tarko. Abin lura shi ne, Fulanin da zaki ke ci wa shanu ba su ke ɗaukar baka ba. Sukan kira waɗanda sunka gaji aikin, kuma ba su kiransu sai zaki ya fara kisa ba don yunwa ba. Mu ma nan haka munka taras. Akwai sarkin baka, akwai mutanenshi. Ba kowane mai akuya ke zama maharbi ba. Yau zakin ma ya ƙare a ƙasarmu sai can gandun dajin W da maƙwabtanshi. Binciken da anka fitar a 2014 ya nuna waɗanda sunka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce kamar 400 ba.

DOKA DA HALIN DA MUKE CIKI

Akwai kuma gomnati. Bindiga ba a riƙe ta sai da takardar izini, kuma takardar sunan mutum guda take ɗauke da shi, ba ta gari ba ce da za ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta hana farautar dare, ko da fitila ko ba fitila. Ta hana sa guba a nama. Ta hana ɗana bindiga a hanya a ɗaura mata zare. Ta hana farauta da makaman yaƙi. Tun 1994 kuma gomnati ta kafa hukuma ta musamman don karɓe makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba.

Ku tuna kuma inda muke zaune. Iyakar Najeriya ba ta da nisa da mu. Mun ga 'yan'uwanmu da sunka gudo daga ƙasar Sakkwato saboda 'yan bindiga, sunka sauka wajen Bangi. A irin wanga zamani, saurayin da jami'an tsaro sunka haska da dare da bindiga a hannu, wa zai tsaya shi ji cewa kura yake jira? Kuma garin da anka san akwai bindiga cikinshi, ɓarayi sukan zo neman bindigar kafin su nemi shanu. Wanda ya sayo bindiga a bayan kasuwa, da kuɗin ƙungiya, ya jawo wa shugaba da ma'aji da mai gari abin da ba su iya fita.

Guba kuwa, ina roƙonku da girman Allah kada wanda ya kawo zancenta. A zamanin Nasara an riƙa sa guba a mushe don kashe kuraye da zakoki. Ta kashe su, ta kuma kashe karnukan kiwo da ungulaye da duk abin da ya taɓa naman. Ku ɗaga kai ku duba mahauta ranar kasuwa. Ina ungulayen da munka sani? In ba ungulu mushe na daɗewa a fili, karnukan banza su samu abinci su yi yawa, su ne kuma ke yaga mana tumaki yau.

TO MENE NE MAKAMINMU?

Na ce muku garkuna ukun da na duba, shingensu ya mutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Makaminmu na farko shinge ne.

A ƙasar Tanzaniya, kusa da gandun dajin Tarangire, akwai makiyaya da ake ce wa Masai, waɗanda zaki da kura da damisa ke shigar wa garke. Tun wajen 2008 sunka fara dasa rassan wani icce a kewaye da garke, su ɗaura musu wayar raga. Rassan su kama ƙasa su yi saiwa su tofo, shinge ya zama rayayye, gara ba ta cin shi, ba a sake sabunta shi kowace shekara. Binciken da anka yi a kai ya nuna kusan ba a ƙara shiga irin waɗanga garkuna da dare ba. Kun san ko wane icce ne? Dashi ne, wanga namu da ke bisa fako ba mai kula shi. Mu da munka ga yadda layukan dogon yaro da anka fara dasawa a kwarin Magiya a 1975 sunka tsare iska, munka ga aikin da matan Keita sunka yi da duwatsu tun 1984, ba za a koya mana amfanin dashe ba. A sari rassan dashi da bazara tun ba su yi ganye ba, a dasa su kusa da kusa kafin ruwan farko. A bi da waya, tsawonta ya wuce kan mutum, a binne gindinta cikin ƙasa a danne da duwatsu, don kura da dila gina suke yi. Ƙofa kuma ta zama ta katako ko ta ƙarfe, ba reshen ƙaya guda ba. Wanda bai da halin waya, shi haɗa aguwa da ƙayar magarya da ta bagaruwa, rassa kawai, kada a kashe uwar icce.

Makami na biyu haske. A ƙasar Kenya wani yaro makiyayi mai suna Richard Turere ya lura zaki ba shi kusantar garke in ya ga mutum na yawo da fitila. Sai ya jera ƙananan fitilu a kan shinge, suna kamawa suna mutuwa bi da bi, kamar mutum ne ke kewaya. Ɓarna ta tsaya. A 2013, shina ɗan shekara 13, ya ba da labarin gaban manyan duniya. Fitilu masu caji da rana suna nan a kasuwar Madawa. A riƙa sauya musu wuri, don nama na sabawa da abin da ba shi motsi.

Makami na uku karen gida, wanda ake ciyarwa, wanda ya tashi cikin bisashe. Buzaye da Fulani ba su zama ba kare, kuma karen Azawak sananne ne har ƙasashen Turai. Amma a kai shi wurin likitan bisashe a yi mishi allurar haukan kare. Ku ji wanga da kyau, iyayenmu mata: haukan kare na kashe mutum kamar dubu 59 kowace shekara a duniya, kusan duka ta cizon kare, da yawansu yara. Kura ba ta kashe ko kusa da haka ba. In kare ko dila ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi gidan likita ranar nan, kada a jira alama. In alama ta fito ba magani. Dilan da ya shigo gari da rana tsaka ba shi tsoron mutane, kada yara su bi shi da jifa.

Makami na huɗu tsabta. Mushe a binne shi da zurfi nesa da gari. Ƙazantar mahauta kada a zubar bayan gidaje. Mu ne ke kiran baƙo da abinci, sannan mu yi kukan ya ƙi tafiya.

ABIN DA NIKE ROƘON TARO

1. Kada a taɓa kuɗin asusu don sayen bindiga, ko ta maƙeri ko ta kanti.

2. A sayi waya da fitilu. A fara da garken matan da ba su da mai yi musu shinge, samari su yi aikin gayya. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka.

3. Duk inda anka yi ɓarna, kada a tattake wurin. A kira ni ko wani da ya san sawu, sakatare shi rubuta rana da gida da abin da anka gani.

4. Samari su raba kwanan gadi, mutum biyu-biyu, da fitila da sanda da gwangwanin bugawa. Sunayensu su kasance wurin mai gari.

5. A nemi likitan bisashe shi sa mana ranar allurar karnuka. A kuma kai wa magajin gari kukan karnukan da ba su da mai su.

6. In bayan duk wanga anka tabbata akwai kura guda da ta ƙi barinmu, ko ta fara neman mutane, mai gari shi kai takardar sakatare ga ma'aikatan gandun daji na Madawa. Su ke da ikon ba da umurni. Ranar nan mutum guda ne zai riƙe bindiga, mai takarda, wanda ya san ta, da kartushin da ya dace, can bakin raminta a tsauni inda ba ɗaki a bayanta, ba cikin gari ba.

Ɗiyana samari, na san aikin dasa dashi ba shi da daɗin labari kamar a ce wane ya kashe kura. Ba mai yi muku kirari don kun binne waya. Amma ni na ɗauki abokina a bisa amalanke, ba ni so in ga an ɗauki ɗayanku. In bazara ta zo da rai da lafiya, ni zan fara kai gatarina garken baiwar Allah nan da ta rasa awakinta. Wanda ya ga dama shi same ni can bayan sallar asuba.

In na faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, shi gafarce ni. Allah shi tsare mu da dukiyarmu, shi ba mu damina mai albarka, shi maido da 'yan ci-rani gida lafiya, shi zaunar da ƙasarmu lafiya.